Shin allurar cire haƙori na iya taɓa ido?

A garuruwan Jega, Aliero da Maiyama na jihar Kebbi, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, akwai masu haƙuri da ciwon haƙori wata da watanni saboda jin cewa cire haƙorin sama na makanta mutum. Cire haƙori ba ya makanta ido. Sai dai allurar kashe zafi da ake yi kafin cirewar kan taɓa ido, ko da yake ba kasafai hakan ke faruwa ba.

Maganin da likitocin haƙori suka fi amfani da shi shi ne lidoken, wanda aka fara haɗawa a Suwidin a 1943. Idan tsinin allura ya faɗa jijiyar jini, maganin kan bi jini ya isa jijiyoyin da ke juya ido. Idan kuma a can ƙuryar dasashin sama aka yi ta, yana iya tsiyaya zuwa kwarmin ido.

Alamar da aka fi gani ita ce ganin abu biyu-biyu. Wani fatar idonsa kan sauko, wani ya kasa rufe ido ɗaya, wani ganinsa ya dushe. Yawanci komai kan koma daidai cikin mintoci ko 'yan sa'o'i.

Don haka ƙwararren likita ke ɗan jan sirinji baya kafin ya tura magani, ya tabbatar bai shiga jijiyar jini ba, sannan ya tura a hankali.

Wanda abin ya sama ya sanar da likita nan take, a rufe idon da bandeji. Kada ya hau babur ko ya tuƙa mota. Aliero da Maiyama duk suna kan babban titin da ya ratsa Jega, inda manyan motoci ke zirga-zirga, kuma mai ganin tirela biyu bai san wacce zai kauce wa ba. Idan zafin allurar ya sake shi amma ido bai washe ba, a garzaya da shi wajen likitan ido a Birnin Kebbi ko Sakkwato.

Barin ruɓaɓɓen haƙori ya fi allurar hatsari. Mugunyar haƙorin sama na iya haurawa zuwa kwarmin ido, ta kumbura shi, har ta janyo makanta. Kumburin kunci da ya doshi ido, musamman tare da zazzaɓi, ba a kwana da shi a gida.