Sandar da ke cikin tumbin kumba

Ka buɗe kumbar da ka tono yanzun nan daga lakar kogin Kano, ka tsaga tumbinta da reza. Za ka ga wata 'yar sanda garai-garai, mai santsi kamar dafaffiyar taliya. Nan take wani zai ce tsutsa ce, ya yi wurgi da ita. Haba! Wace irin tsutsa ce ba kai ba baki? Wasu har ɗora wa kumba laifin tsargiyar da ke addabar yara a Kura da Bunkure suke yi. Ba ruwanta. Wannan aikin ƙananan dodon koɗi ne irin su Bulinus, masu maƙalewa a ciyawar bakin kanal.

Sandar nan ita ce dutsen niƙan kumba. Wasu ƙananan gasu ne ke juya ta, kanta na gugar wani tauri a bangon tumbi, tana narkewa kaɗan-kaɗan tana sakin sinadaran da ke narkar da abinci, tana kuma naɗo ƙwayoyin gansakukar da kumba ta tace daga ruwa, kamar yadda mazari ke naɗe zare. Abin da ya fi burge ni shi ne ba dauwamammiya ba ce. Fitar da kumba daga ruwa, ka ajiye ta a inuwa, ka buɗe bayan kwana biyu: sau da yawa sai ka nemi sanda ka rasa. Mayar da 'yar'uwarta da ka ajiye tare da ita ruwa, sai ta sake ƙera sabuwa.

Sauran sassan cikin ma haka suke bin lokaci. Lokacin wadata, gaɓar da ke kewaye da tumbin, mai aiki kamar hanta, takan cika da ajiyar abinci. Lokacin yin ƙwai ko yunwa sai ta zabge. Hunturu na rage wa kumba sauri. Jan ruwan damina kuwa wahala ne, don rabin aikin tofar da laka ne.

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, rani ya zama lokacin ruwa a wannan yanki, na alkama da tumatir. Saboda haka ranin duk wata halittar da ke zaune a kanal shi ne ranar da aka rufe ƙofar ruwa don yashe. Kumbar da wannan ya rutsa da ita takan nutse cikin laka, ta datse ɓawonta, ta zauna a kan ajiyarta. Wasu ire-irenta na Afirka kan yi watanni a haka.