Birki Ba Ya Tsinkewa Dare Ɗaya

Duk sanda tirela ta afka wa kasuwar bakin titi, ko motar haya ta daki ta gabanta a shataletale, bayanin da ake ji guda ne: birki ya tsinke. A ce tsautsayi, a yi jaje, a watse. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ma tana lissafa tsinkewar birki cikin musabbaban haɗari a Najeriya. Amma tambayi bakaniken da ya daɗe a gareji, zai gaya maka da wuya birki ya mutu bai yi sallama ba. Yakan yi makonni yana ƙorafi, mai motar ne ke ƙara sautin rediyo.

Idan ka taka birki, ƙafarka na tura mai daga masta, ya bi ta siraran bututu zuwa ƙafafun motar huɗu, ya matse takalman birki a jikin diskin da ke juyawa tare da taya. Wannan gogayya ce ke mayar da gudun mota ya zama zafi, kuma kusan duk matsalar birki daga zafin nan take farawa. Ƙafafun gaba su ne ke shan mafi yawan wahalar, shi ya sa takalmansu ke riga na baya cinyewa.

Sabon takalmi yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12. Da ya dawo 3, lokacin canji ya yi. Da yawa daga cikinsu an manna musu ɗan ƙarfe wanda ke soma gogar diski idan sun zo ƙarshe, sai ka riƙa jin ƙara mai tsini. Ƙarar da ake ji da sassafe bayan ruwan sama ko ƙurar hunturu, wadda ke ɓacewa bayan taki biyu ko uku, ba abin damuwa ba ce. Wadda ta ƙi tafiya ita ce gargaɗin. Idan kuwa ta rikiɗe ta koma gurnani, to takalmi ya ƙare, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, kuma kuɗin da za ka biya yanzu har da na diski. Mota ta riƙa fizga gefe guda in an taka, sitiyari ya riƙa rawa, ko ka ji ƙauri daga taya ɗaya bayan tafiya: duk a kai gareji.

Inda aka fi yin sakaci shi ne man birki, domin shi ba ya ƙara. Ɗabi'arsa ce zuƙar danshi daga iska, a hankali, ko motar tana ajiye. Sabon mai samfurin DOT 3 sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyos yake tafasa, DOT 4 kuma 230. Idan suka sha ruwa, mizanin kan faɗo zuwa 140 da 155. A cikin gari ba za ka ga bambanci ba. Sai ranar da birki ya yi zafi sosai, ruwan ya tafasa ya zama tururi a cikin bututu. Shi mai ba ya matsuwa, tururi kuwa yana matsuwa, sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa, motar na tafiya abinta. Dalilin da ya sa kamfanonin mota da yawa ke cewa a sauya man duk shekara biyu ke nan, ko da bai ragu ba.

In kuma ya ragu, kada ka tsaya ga ƙarawa. Man birki ba ƙonewa yake yi ba. Ko dai takalma sun cinye, ko wani wuri na yoyo. Akwai direbobin da idan ya ƙare musu a hanya sai su ɗura ruwan omo, wasu man inji. Ruwa tun a digiri 100 yake tafasa, ga shi yana sa tsatsa. Man inji kuma kumbura robobin masta yake yi har su lalace. Mafi muni shi ne dabarar toshe bututun ƙafar da ke yoyo a ci gaba da lodi da ƙafa uku. Bakaniken da ya yi maka wannan ba taimakonka ya yi ba, fasinjojin da ke bayanka kuma ba su san da cinikin ba.

Wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san inda ake yi wa birki jarrabawa. Direban da ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, dafa shi yake yi. Abin da ya dace shi ne a sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar, a riƙa taka birki ana saki domin ya sha iska. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, jarabar sakin mota firi a gangara ta ƙaru, wasu har su kashe inji. A yawancin ƙananan motoci, injin ne ke ba birki ƙarfin da ke sa shi laushi a ƙafa. Ka kashe shi, bayan taki biyu ko uku sai birkin ya sandare, sitiyari ma ya yi nauyi. Fetur ɗin da aka rage bai kai cikin kofi ba. Ga kuma lissafin da masu gudu ba sa so: ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin ya tsayar da mota ta ninka sau huɗu.

A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna za a ajiye maka takalmi kala uku, kuɗi uku. Akwai ingantacce, akwai jabu, kwalinsu kuwa kusan ɗaya. Tafi da bakaniken da ka yarda da shi. A canza dama da hagu tare, kuma a sayi mai a rufaffiyar roba, ba wanda aka tsiyaya a gora ba. Mai sayen mota 'yar Kwatano ya lura: da ka murza makulli ya kamata fitilar ABS, wato na'urar hana tayoyi kullewa in an taka birki, ta kama, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Idan ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwan ne don ɓoye matsala. Karkarwar da ake ji a ƙafa sanda ABS ke aiki a kan santsi kuwa lafiya ce, a ci gaba da dannawa.

In har ta faru birki ya ƙi ci kana tafiya, kada ka kashe inji. Taka ka saki da sauri sau da yawa, ka riƙa sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu a hankali, domin fizgarsa na iya juya motar. Sannan duk ranar da aka sa maka sababbin takalma, kafin ka fita daga gareji ka taka birkin sau da dama har ka ji ya yi tauri. Takin farko bayan gyara sau da yawa fanko ne, kuma a ƙofar gareji akwai yara masu talla.