Ciwon Ƙodar Da Ake Haihuwar Yara Da Shi: Gaskiya Da Jita-Jita

Ana yawan cewa ciwon ƙoda na manya ne, masu hawan jini da ciwon suga. Ba haka ba ne. A wajen yara, nakasar da ake haihuwarsu da ita a ƙoda ko hanyar fitsari tana kan gaba cikin abubuwan da ke lalata ƙoda a hankali, kuma sau da yawa ba ta zuwa da ciwo. Ba banza ba aka sadaukar da Ranar Ƙoda ta Duniya ta 2016 ga yara.

Alamar farko takan ɓuya a zanin goyo. Jariri namiji mai lafiya fitsarinsa tsartuwa yake yi, har ya jiƙe mai yi masa wanka. Wanda aka haifa da wani ɗan tantani da ya tare hanyar fitsarinsa kuwa sai ya yi ta yunƙuri yana kuka, fitsarin na ɗiga, mara ta yi tauri. Fitsarin da ya rasa mafita yakan koma sama ya kumbura ƙoda. Tiyata da wuri tana buɗe hanyar, jinkiri kuwa yana iya kai yaro ga wankin ƙoda. Hoton ciki da ake yi a wajen awo kan nuna matsalar tun kafin haihuwa.

Sai zazzaɓin da ake ɗora wa haƙori ko sauro. Idan yana ta dawowa alhali gwajin maleriya bai nuna komai ba, fitsari ya kamata a gwada. Haka ma kumburi: tamowa na kumbura yaro, gaskiya ne, amma idanun da ke tashi a kumbure da safe tare da fitsari mai kumfa, ƙoda suke nunawa. Ba sammu ba ne.

Fitsarin kwance fa? Yawancinsa ba ciwo ba ne, kuma duka ba ya maganinsa. Abin dubawa shi ne idan ya haɗu da ƙishirwa mai yawa, tsumburewa, ko jiƙa wando da rana.

Masu cewa mai ƙoda ɗaya ba ya daɗewa sun yi kuskure, domin mutane da dama sun tsufa da guda ɗaya. Batun auren zumunci kuwa da ƙamshin gaskiya: yana ƙara yiwuwar wasu cututtukan ƙoda na gado, kodayake yawancin 'ya'yan irin wannan aure lafiyarsu ƙalau.

Iyayen da suka ga waɗannan alamu su dakatar da jiƙe-jiƙe da magungunan kemis irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke ƙara wa ƙoda rauni, su kai yaro asibiti a yi masa gwajin fitsari, awon hawan jini da hoton ƙoda.