Idan manhajar kamfani ta ƙi nuna sabon gyara, a duba wurare uku kafin a goge komai

Masu kantin magani, 'yan kasuwar sari da ƙananan kamfanoni da dama a Yamai, Maraɗi da Damagaram sun bar littafin lissafi sun koma manhajar kwamfuta. Ɗaya daga cikin waɗanda ake amfani da su ita ce Odoo, wadda wani ɗan Beljiyam mai suna Fabien Pinckaers ya ƙirƙiro a 2005 da sunan TinyERP, daga baya ta zama OpenERP, sannan a 2014 ta ɗauki sunan da aka san ta da shi yau. Da ita ake lissafin kaya a magaza, a fitar da fakitir, a biya albashi.

Sai dai akwai wata matsala da kan tayar wa masu kamfani hankali. An kira mai gyara ya ƙara wani gurbi a takardar fakitir, ya ce ya gama, amma allo na nuna tsohon fasali. Wani lokaci ma shafin ya fito fari fat, ko saƙon kuskure ya ce wani gurbi ba ya nan. To a nan ne wasu ke cewa ai sai an sake girka manhajar daga farko. Wannan shawara ce mai haɗari, domin galibi bayanan suna nan lafiya, tsohon kwafi ne kawai ya maƙale a wani wuri.

Dalili kuwa shi ne, don manhajar ta yi sauri, tana ajiye kwafin abin da ta riga ta nuna a ma'ajiyar wucin gadi. Irin wannan ajiya tana hawa uku, kuma hikima ita ce a fara da mafi sauƙi.

Hawa na farko shi ne burauzar ma'aikaci. Chrome ko Firefox na riƙe fayilolin da ke tsara kamannin shafi. A danna Ctrl da Shift da R tare, ko a buɗe manhajar a wata kwamfutar. Idan can ta nuna daidai, matsalar ta kwamfuta ɗaya ce, ba sai an taɓa komai ba.

Na biyu shi ne uwar na'urar da manhajar ke zaune a kanta. Duk gyaran da aka yi a rubutun Python ba ya aiki sai an kashe Odoo an sake tayar da ita. A yi hakan bayan an tashi daga aiki, ba lokacin da mai karɓar kuɗi ke tsakiyar ciniki ba.

Na uku, kuma inda aka fi tuntuɓe, shi ne rumbun bayanai. Odoo tana ajiye bayananta a PostgreSQL, har da fasalin shafukan kansu, a wani tebur mai suna ir_ui_view. Mai gyara yana rubuta fasalin a fayil na XML, amma manhajar ba daga fayil ɗin take karantawa kullum ba, daga rumbun take ɗauka. Saboda haka ko sau goma aka sake tayar da na'ura, sabon fasali ba zai fito ba sai an sabunta sashen da aka gyara. Idan kuma an sa wa rubutun alamar noupdate, sabuntawar ma tsallake shi za ta yi.

Shi kuwa farin shafi, sau da yawa yana biyo bayan ƙaura zuwa sabuwar na'ura. An kwashe rumbun bayanai an manta da jakar filestore, inda hotuna, takardun da aka liƙa da fayilolin kamannin shafi suke. Fayilolin kamanni ana iya sake haɗa su daga yanayin masu gyara, amma takardun da aka liƙa, in jakar ta ɓata, sun tafi ke nan.

Abu ɗaya da ya kamata mai kamfani ya tsaya a kai: kada kowa ya shiga rumbun bayanai ya goge layi da hannu kafin a ɗauki cikakken kwafin ajiya, na rumbun da na filestore, a kuma gwada maido da shi a wata na'ura. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana aiki ba. Haka nan gyara fasalin asali kai tsaye ba dabara ba ce, domin sabuntawa ta gaba za ta shafe shi. Hanyar da ta dace ita ce a yi sabon fasali mai gādo daga na asali.

Ba sai mai kamfani ya iya rubutun manhaja ba. Ya dai tambayi mai gyara abu uku: ka ɗauki kwafi? Ka gwada a wata na'ura? Me rahoton kurakuran uwar na'ura ya nuna? Wanda bai da amsar waɗannan, a dakatar da shi kafin ya taɓa lissafin shekara guda.