Kuɗin Da Ake Kashe Wa 'Yan Siyasa: Na Wane Ne?

A Gusau da Tsafe da Bungudu, duk inda mutane suka zauna, ko a teburin mai shayi ko a majalisar ƙofar gida, da wuya a tashi ba a taɓo maganar kuɗin 'yan siyasa ba. Wasu na cewa abin ya yi yawa, alhali ga asibiti babu magani, ga makaranta babu kujeru. Wasu kuma na cewa a yi musu uzuri, domin mai suna da mai biki da mai mara lafiya duk ƙofar ɗan siyasa suke zuwa. Kowa da hujjarsa. Amma kafin a yanke hukunci, ya kamata a san inda kuɗin ke fitowa, da wanda ke yanka shi.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Kuɗin gwamnati kuɗin jama'a ne. Ana samunsa daga man fetur, da kuɗin kwastan, da haraji iri-iri. Duk wanda ya sa kati a wayarsa ya biya haraji, ko bai sani ba. Kowane wata ana raba abin da aka tara tsakanin Gwamnatin Tarayya, da jihohi 36, da ƙananan hukumomi 774. Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, tana samun nata kason. Haka ma ƙananan hukumominta 14. Daga irin wannan kuɗi ne ake biyan gwamna da ɗan majalisa da kansila. Daga cikinsa ne kuma ake biyan malamin makaranta, a sayi taki, a gina rijiya. Tukunya ɗaya ce. In an ɗebi da yawa a gefe guda, ɗaya gefen zai ragu.

Albashi daban, kuɗin ofis daban

Tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya ɗora wa wata hukuma a Abuja, mai suna RMAFC, aikin yanka albashin masu riƙe da muƙaman siyasa. A 2024 hukumar ta ce albashin sanata da alawus ɗinsa sun ɗan haura naira miliyan 1 a wata. Amma akwai wani kuɗin da ake kira na gudanar da ofis, kuma shi ne ya fi tsoka. A 2018 Sanata Shehu Sani na Kaduna ya bayyana cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13 da rabi a wata don wannan. A 2024 Sanata Kawu Sumaila na Kano ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa abin ya kai naira miliyan 21. A wannan shekarar ce aka mayar da mafi ƙarancin albashin ma'aikaci naira 70,000.

Wannan ƙorafi ba sabo ba ne. Tun a 1999, da aka koma mulkin farar hula, ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ta yi zanga-zanga kan miliyoyin da aka ware wa 'yan majalisar tarayya don sayen kujeru da gadaje.

Abin da ya faru a Gusau

Akwai wata doka a Zamfara da ta tanadi kuɗin kula da tsofaffin gwamnoni da mataimakansu, da tsofaffin shugabannin majalisar jiha. A watan Oktoba na 2019 tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta wa gwamnatin jiha takarda, yana neman a biya shi naira miliyan 10 na kowane wata, kamar yadda dokar ta ce. Takardar ta fita fili. Jaridu suka buga, gidajen rediyo suka ɗauka, magana ta cika gari.

Mutane suka yi lissafi. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Wato kuɗin mutum ɗaya na wata zai biya ƙananan ma'aikata 333. An kuma bayyana a majalisar jiha cewa dokar za ta riƙa cin kimanin naira miliyan 700 a shekara. A ƙarshen watan Nuwamba na 2019 majalisar ta soke dokar, Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu.

Darasin a nan shi ne, majalisa ce ta yi dokar, majalisa ce kuma ta soke ta. 'Yan majalisar nan 24 ne, kuma jama'a ne suka tura su Gusau da ƙuri'unsu.

Ba a Nijeriya kaɗai ba

A 2009 wata jarida a Ingila ta tona yadda wasu 'yan majalisar ƙasar ke karɓar kuɗin gwamnati suna gyara gidajensu. Shugaban majalisar ya sauka, da yawa suka mayar da kuɗi, wasu har gidan yari. Can ma abin ya gyaru ne bayan jama'a sun ga lissafin a rubuce.

Me talaka zai iya yi?

Na farko, ya san wakilansa. Gusau da Tsafe wakili ɗaya suke da shi a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Bungudu tana tare da Maru. Dukkansu huɗun kuma sanata ɗaya ke wakiltarsu, na Zamfara ta Tsakiya.

Na biyu, ya saurari kasafin kuɗi. Kowace shekara gwamna na kai shi gaban majalisa, ana kuma bayaninsa a rediyo. A nan ake jin nawa aka ware wa motocin manya, nawa aka ware wa asibitoci. Wanda ya koyi karatu da lissafi a ajin yaƙi da jahilci zai iya rubuta adadin, ya karanta wa maƙwabtansa.

Na uku, ya yi tambaya cikin ladabi. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Don haka shugaban ƙaramar hukuma da kansila su ne na kusa da za a tambaya: nawa ya shigo, me aka yi da shi?

Na huɗu, jama'a su duba nasu halin. In ana sayar da ƙuri'a da taliya da sabulu, in kuma kowa buƙatar kansa yake kai wa ɗan siyasa, to an ba shi hujjar neman ƙari. Gara mutanen gari su haɗa kai su nemi abin da zai amfani kowa, kamar famfo ko ɗakin shan magani.

Shugaba ya cancanci albashinsa, domin aiki yake yi. Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Masu biyan ladan kuwa su ne jama'a, kuma haƙƙinsu ne su ga askin.