Jiragen Sojan Ruwa: Don Me Ake Sayen Ƙanana Da Manya?

Jama'a masu karatu, sau da yawa mukan ji a rediyo cewa gwamnatin tarayya ta sayo wa sojan ruwa sababbin jirage. Mai sauraro a ƙauye yakan ce, "Ni da ban taɓa ganin teku ba, ina ruwana?" To, da ruwanka. Da kuɗin ƙasa ake sayen jiragen nan, kuɗin ƙasa kuwa naka ne. A wannan wata za mu duba irin jiragen da ake saye, da amfaninsu, da kuma hanyar da kuɗin ke bi.

Me Ya Haɗa Manomi Da Teku?

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, daga Jihar Legas zuwa Jihar Kuros Riba. Ta teku ake fitar da ɗanyen mai, wanda shi ne ke kawo wa ƙasa mafi yawan kuɗin waje. Riɗi da citta da zoɓo da muke nomawa a nan Arewa, ta teku suke tafiya ƙasashen waje. Alkama da injuna da magunguna kuma ta nan suke shigowa.

Idan 'yan fashi suka addabi hanyar ruwa, masu jirage sai su ƙara kuɗin dako. Ɗan kasuwa shi ma ya ƙara wa kayansa kuɗi. Daga ƙarshe a kan mai saye a kasuwar ƙauye abin yake faɗawa. A shekarar 2020 kaɗai, an sace ma'aikatan jirgi 130 a tekun Gini, watau tekun da ƙasarmu take bakinsa. Tsaron wannan ruwa shi ne aikin rundunar sojan ruwa, wadda aka kafa a 1956.

Aikin Ƙananan Jirage

A yankin Neja-Delta, kogin Kwara ya rarrabu ya zama ɗaruruwan ƙoramu kafin ya faɗa teku. Wasu ƙoramun matsattsu ne, ba su da zurfi, ga itatuwa dama da hagu. Nan ɓarayin mai da 'yan fashi suke ɓuya. Babban jirgi ba ya iya shiga, domin kafewa zai yi. Sai ƙaramin jirgi mai gudu, mai ɗaukar sojoji kaɗan da bindiga. Kamar dai hanyar gona ce da damina: inda babur ya bi, tirela ba ta bi.

Haka abin yake a tafkin Chadi. Sojan ruwa suna da sansani a Baga, cikin Jihar Borno. Ruwan tafkin ba shi da zurfi, ga ciyawa da tsibirai. Da ƙananan jirage ake sintiri a can, don masunta da fataken kifi su samu hanya.

Ana sayo wasu jiragen sintiri daga ƙasashen waje, kamar Faransa da Isra'ila. Amma abin farin ciki, ana ƙera wasu a gida. Injiniyoyin sojan ruwa sun ƙera jirgi mai suna Andoni a Legas, aka ƙaddamar da shi a 2012. A 2016 aka ƙaddamar da na biyu mai suna Karaduwa, sunan wani kogi a Jihar Katsina. Na uku, Oji, ya biyo baya a 2021. Jirgin da aka ƙera a gida yana da daɗin gyara, tunda waɗanda suka haɗa shi suna kusa.

Aikin Babban Jirgin Dako

Akwai kuma wani irin jirgi da ba a saye shi don faɗa ba, sai don ɗaukar kaya. Yakan kwashi sojoji da motoci masu sulke da abinci da magani, ya kai su wata ƙasa. Cikinsa kamar babban sito yake. A gabansa akwai ƙofa mai saukowa ƙasa kamar gada. Ko babu tashar jirgin ruwa, yana iya matsawa bakin gaɓa ya buɗe ƙofar, motoci su fita da kansu.

Jirgin sama ya fi shi sauri, amma ba ya ɗaukar nauyi mai yawa, ga tsada. Kayan da jirgin dako ɗaya zai kai a tafiya guda, sai jirgin sama ya yi sawu da yawa.

Nijeriya ta sayi irin waɗannan jirage guda biyu daga Jamus wajen ƙarshen shekarun 1970. Sunansu Ambe da Ofiom. Manya daga cikinmu za su tuna yaƙin Laberiya. A watan Agusta na 1990, sojojin ECOMOG ta teku suka isa birnin Monrobiya, kuma Ambe yana cikin jiragen da suka yi wannan aiki. Bayan haka jiragen biyu suka tsufa, suka daina tafiya, aka sallame su. Ƙasa ta yi shekaru da dama ba ta da jirgin dakon soja na kanta. Wanda ba shi da jaki kuwa, dole ya jira na maƙwabci ko ya biya haya.

Sai a 2019 aka fara ƙera wani sabo. Kamfanin Damen na ƙasar Holan ne ya yi aikin a Sharja, kusa da Dubai. Tsawon jirgin mita 100 ne, watau kusan tsawon filin ƙwallo, kuma yana ɗaukar sojoji kimanin 250 ban da matuƙa da motoci. Sunan Hausa aka sa masa: Kada. Ya iso Legas a watan Mayu na 2022. Cikin watan Agusta na wannan shekarar ya kai kayan soja ƙasar Gini Bisau, don aikin kiyaye zaman lafiya na ECOWAS.

Yadda Kuɗin Ke Fitowa

Sojan ruwa ba sa ɗiban kuɗi su tafi kasuwa haka kawai. Da farko sukan rubuta bukatunsu su miƙa ta hannun Ma'aikatar Tsaro. Sai a sa cikin kasafin kuɗi na shekara. Shugaban ƙasa ya kai kasafin gaban Majalisar Tarayya. 'Yan majalisa su duba, su ƙara ko su rage, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu. Akwai kuma dokar ba da kwangila ta 2007, wadda ta tsara yadda hukumomin gwamnati za su yi saye.

A nan ne gardama take. Ƙaramin jirgi yana da sauƙin kuɗi, kuma ana samunsa da wuri. Ana iya sayen da yawa a shekara guda, a jera su a ɗauki hoto. Babban jirgi kuwa yana cin kuɗi mai yawa, da dala ake biya, kuma sai an yi shekara biyu ko uku ana ƙira. Idan darajar naira ta faɗi kafin a gama biya, sai kuɗin ya ƙaru. Shi ya sa ake yawan ɗage maganarsa zuwa baɗi.

Kada kuma mu manta, saye ba shi ne ƙarshe ba. Duk manomi ya san cewa sayen shanun huɗa abu ne daban, ciyar da su da rani abu ne daban. Jirgi yana bukatar mai, da kayan gyara, da ƙwararrun makanikai. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe, don haka lokaci-lokaci sai an fitar da jirgi daga ruwa an kankare shi an yi masa fenti. Idan kasafi ya ba da kuɗin saye ya manta da kuɗin gyara, to jirgi zai ruɓe a bakin tasha.

Bakin Talaka Yana Da Tasiri

A watan Nuwamba na 2023, an ga naira biliyan 5 a cikin ƙarin kasafin kuɗi, a ƙarƙashin sojan ruwa, don wani jirgi da aka kira jirgin shugaban ƙasa. Fadar shugaban ƙasa ta ce jirgin aiki ne na soja. Jama'a dai suka yi ta ƙorafi. Majalisar Wakilai ta cire kuɗin, ta mayar da su ga bashin karatu na ɗalibai.

Saboda haka, idan ɗan majalisarku ya zo gida, ko kuma aka buɗe layi a rediyo, kuna da damar tambaya. Jirgi nawa aka saya? Wane aiki zai yi? Nawa aka ware don gyaransa? Waɗanda aka saya bara suna tafiya kuwa? Ƙasa tana bukatar ƙaramin jirgi don ƙorama da tafki, tana kuma bukatar babba don doguwar tafiya. Amma kowanne sai an kula da shi zai yi amfani.

Allah ya kare sojojinmu na ruwa da na tudu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.