Sahu ɗaya a Harami, jam'i biyu a gida

Idan Magariba ta kusa, titin Ibrahim Khalil yakan cika maƙil da mutanen da ke fitowa daga otal-otal da lungunan Misfala, kowa ya nufi Harami. Ka kasa kunne ka ji Hausa iri-iri: ga Kananci, ga Sakkwatanci, ga ta Maraɗi da Damagaram, ga ta 'yan Zangon Kumasi. Wani na jan dogon carbi, wani wandonsa bai kai idon sawu ba. Da an tayar da iƙama sai su haɗa kafaɗa, mai ƙablu kusa da mai sadlu, su bi liman ɗaya. Bayan 'yan makonni jirgi ya sauke su a Kano ko Yamai, mutum biyun nan su koma unguwa ɗaya, amma kowa da masallacinsa, wani lokaci ma katanga ce kawai tsakani.

Mu mazauna nan mun saba ganin haka har ya daina ba mu mamaki. Hausawa sun daɗe a Misfala da Shari'a Mansur da Hindawiyya. Wasu jikokin waɗanda suka taho a ƙasa ne ta Sudan, musamman bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Yaran da aka haifa a nan da yawansu ba su san ana tambayar aƙidar liman kafin a bi shi ba, sai sun je gida ganin dangi.

Sai dai ba haka Harami yake tun asali ba, kuma alhazai kaɗan ne suka san wannan. Ɗaruruwan shekaru aka yi ana jam'i huɗu a gefen Ka'aba. Kowace mazhaba tana da wurin tsayuwar limaminta: Shafi'iyya wajen Maƙamu Ibrahim, Hanafiyya ta ɓangaren Hijiri Isma'il, Hambaliyya ta wajen Hajarul Aswad, Malikiyya kuwa, wato mazhabar kakanninmu, ta yamma. Ibn Jubair, matafiyin nan na Andalus da ya zo Makka a 1183, ya ba da labarin abin da ya gani. Limamin Shafi'iyya ne ke fara sallah, sauran su biyo baya. Amma da Magariba, saboda ƙurewar lokaci, duka suke tayarwa tare. Kabbara ta gauraye, mutum ya yi ruku'u da kabbarar limamin da ba nasa ba, wani ya yi sallama da sallamar wani. A ɗakin Allah fa ke nan.

Wannan tsari bai ƙare da muƙabala ba. Sarki Abdul'aziz ya karɓi Makka a 1924, kuma wajajen 1926 aka haɗa jama'a bayan liman ɗaya a kowace sallah. Gine-ginen da limaman ke tsayuwa a cikinsu an rushe su daga baya, a aikin faɗaɗa masallacin da aka fara a 1955. Wato umarni ne ya zo daga sama, jama'a suka bi, har abin ya zama jiki. Yau in ka ce wa alhaji ya jira limamin Malikiyya, dariya zai yi maka.

A gida kuwa tafiyar ta bi akasin haka. Dattawan Kano suna tuna lokacin da masallacin Juma'a ɗaya ne tak a cikin birni, kowa can yake zuwa. Rigimar farko da ta taɓa sahu ita ce ta ƙablu da sadlu. Abin da matasa ba su sani ba shi ne, ƙablun da yanzu wasu ke ɗauka alamar Izala ce, almajiran Shehu Ibrahim Inyass ne suka yaɗa shi a ƙasar Hausa. Shehun ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, a nan ƙasa mai tsarki, daga nan hanyarsa ta buɗe zuwa Kano. A shekarun 1950 da 1960 an yi rigingimu a lardin Sakkwato tsakanin 'yan Tijjaniyya masu ƙablu da masu sadlu, har da asarar rayuka. Kan inda mutum zai ajiye hannunsa.

Sannan aka kafa Izala a Jos a 1978, ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, da goyon bayan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Daga nan magana ta tashi daga hannu ta koma kan shi kansa limamin: sallah ta inganta a bayansa ko ba ta inganta ba? A ci yankansa? A ba shi aure? Kowane ɓangare ya sami masu zafin baki. Masallatai suka rabu, wa da ƙane suka daina gaisawa, aka sami gidajen da ake sallar gawa sau biyu ko wasu su koma gefe su tsaya. Duk wanda ya tashi a Arewa a shekarun 1980 yana da irin wannan labari a danginsa.

Manyan sun taɓa zama. Bayan rikicin Kafanchan na 1987, an yi sulhu a bainar jama'a tsakanin Sheikh Gumi da Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi a 1988. A duniyar Musulmi ma, malamai kusan 200 daga ƙasashe 50 sun taru a Amman ta ƙasar Jodan a 2005, suka amince cewa ba a kafirta mabiyin mazhabobin da aka sani, ko mai sufanci na gaskiya, ko mai salafanci na gaskiya. To amma shiga kasuwar Misfala ka tambayi mutum goma ko sun taɓa jin wannan takarda. Kaset ɗin zagi kuwa, wanda yanzu ya koma sautin WhatsApp, har tsohuwar da ba ta fita ta ji shi.

Ba mu kaɗai wannan ya taɓa samu ba. Kiristocin Otodoks, wato na Girka da Rasha da maƙwabtansu, sun rabu da cocin Katolika na Rum, ana kafa tarihin rabuwar da shekarar 1054. A 1439 sarkinsu na Kustantiniyya, wadda ita ce Istanbul ta yau, ya kai manyan limamansu, bishop-bishop, taro a birnin Fulorens na Italiya. Yana neman taimakon Turai ne saboda Turkawa sun matsa masa. Suka sa hannu a kan haɗewa da Fafaroma, ban da bishop ɗaya, Markus na Afisa, wanda ya ƙi. Da suka dawo gida sai talakawa da ƙananan limamai suka juya musu baya, har da yawa daga cikin masu sa hannun suka janye. A Disamban 1452 aka yi ibadar haɗin gwiwa a babban cocin Aya Sofiya don tabbatar da yarjejeniyar, jama'ar gari suka ƙaurace wa cocin. Bayan wata biyar da 'yan kwanaki, a ƙarshen Mayun 1453, Sarki Muhammad Alfatih ya ci birnin. Har gobe suna gardama a tsakaninsu: in bishop ya yi addu'a tare da Fafaroma, shi kaɗai ya ɗauki nauyin, ko mabiyi ma sai ya tashi ya ce bai yarda ba? Shugabannin sun shekara ɗaruruwa suna koya wa jama'a cewa wancan ɓatacce ne, sannan suka zaci sa hannu na yini ɗaya zai goge karatun.

A ganina nan ne nauyin malamanmu yake. A wurin aikinmu na jinya, in likita ya canza magani, ba ya wadatar ya faɗa wa abokinsa likita a baranda. Sai ya rubuta a fayil ɗin majinyaci, inda ya rubuta na farko, in ba haka ba mai jinya zai ci gaba da ba da tsohon, kuma ba a ce laifinsa ne shi kaɗai ba. Malamin da ya hau mumbari da lasifika ya ce kada a bi wane sallah, in ya sauya ra'ayi, ko ya zo Makka ya ci abinci faranti ɗaya da wanen a masauki, to ya koma kan mumbarin nan ya faɗa da irin muryar da ya yi ta farko. Mu a nan muna ganinsu lokacin hajji da umarar azumi, suna rungumar juna, ana ɗaukar hoto. Mabiyansu a gida ba su gani ba, suna can suna riƙe da tsohuwar fatawa, wani ma ya ƙi zuwa ɗaurin auren 'yar ƙanwarsa a kanta.

Amma ba zan wanke mabiyi tas ba. Mai jinya ma in ya ga adadin magani ya wuce hankali, aikinsa ne ya tambaya kafin ya ɗura wa mutum. Ba sai ka zama malami ba kafin ka san cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi sallah bayan Hajjaju, duk da zaluncin da aka san shi da shi. Abdullahi ɗan Mas'ud kuma ya bi Sayyidina Usman raka'a huɗu a Mina, alhali shi yana ganin ƙasaru ce daidai, don gudun rarraba jama'a. Minar nan dai da alhazanmu ke kwana a cikinta kowace shekara. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai 'yan tsiraru da ke bin limamin Harami sannan su koma ɗaki su sake sallar a asirce. Ban ce su bar aƙidarsu ba, saɓanin da ke tsakanin Izala da ɗariƙa na gaske ne, ba a share shi da murmushi. Tambayar da ta dace su yi wa malaminsu ita ce: shi da ya zo bara, ya sake tasa?

Kusan bayan kowace farilla a Harami ana shelar sallar gawa. A cikin mamatan akwai alhazanmu da ajali ya riska a nan, akwai tsofaffin Misfala da suka shekara hamsin ba su ga gida ba. Dubban mutane suke miƙewa su yi kabbara huɗu, ba wanda ya san sunan mamacin balle ya san ko yana wazifa. Daga nan a sa shi a mota a nufi maƙabartar Shara'i da shi, sauran jama'a su bi titin Ibrahim Khalil su koma masauki neman abincin dare.